Ƙafafun Baba Mala

Surukina Baba Mala ya daina cin abinci da rana, ya ce azumin nafila yake yi. Ba azumi ba ne, kuma ba kiyaye dokar ciwon suga ba ne. Tsoron banɗaki ne. Duk gidan ni na fara ganewa, kuma ni ce wadda ba ta da bakin faɗa.

Gidanmu yana Rijiyar Lemo, tsohon gini ne. Akwai zaure, ɗakin Baba a jikinsa, tsakar gida, ɗakunanmu biyu, sai banɗaki ɗaya a can ƙurya mai masai na tsuguno. Maigidana Kyari yana da shagon kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari, in ya fita da safe sai magariba ta kawo jiki. 'Ya'yanmu duk mata ne, boko da islamiyya sun raba musu yini. Matar Baba, Ya Huseina, ta rasu tun ina goyon fari. Saboda haka da rana daga ni sai shi, suruka da uban miji. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ni Bafulatana ce ta wajen uwa, shi Babarbare, ya kamata a ce akwai wasa tsakaninmu, amma surukuta ta danne wasan tun ranar da aka kawo ni.

Wanda bai san Baba da ƙarfinsa ba zai ce ƙarya nake yi. Fataucin banda ya yi, yana kawo kifi daga gabas yana saukewa a Sabon Gari. Na zo gidan nan na same shi ya haura sittin, amma yana ɗaga kwalin kifi shi kaɗai ya ɗora a mota yana yi wa 'yan dako tsiya. Da likita ya ce yana da suga, sai Kyari ya tashi da biyayyarsa. Ni ban taɓa ganin biyayyar da ta rame da mutum irin wannan ba. Ya hana shi shinkafa, ya hana shi tuwo, wani a kasuwa ya ce nama ma ba kyau, ya hana. Kifin da mutumin nan ya ciyar da zuri'a da shi, shi ma aka ce mai ya yi yawa. Aka bar shi da acca da miyar ganye. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, a riga shi. In ya yunƙura zai tafi masallaci, a ce Baba zauna, ga kujera, yi sallarka a nan. Ni ma da hannuna a ciki, don duk abin da aka ce in dafa shi nake dafawa, kuma ina ganin ladabi nake yi.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti. Da aka sallamo shi, wandonsa ya koma kamar an rataye a ƙusa. Cinyoyin sun zube, gwiwoyin ne kawai suka fito.

Wata rana da hantsi ya shiga banɗaki bai fito ba. Ina wanke-wanke ina jin nishinsa, yana yunƙurawa yana komawa. Na tsaya da kwano a hannu, ban san abin yi ba. In shiga? In kira maƙwabta su zo su ga dattijo a haka? Na kira Kyari a waya. Kafin ya rufe shago ya sami adaidaita ya kutso cunkoson hanya, rana ta take. Duk wannan lokacin Baba yana zaune a ƙasan banɗaki, bai kira ni ba, ni ma ban yi tari ba. Da Kyari ya fito da shi a kafaɗa, na shige ɗaki na rufo ƙofa don kada mu haɗa ido.

Washegari na kai masa kunu da safe, ya ce, “Mayar, 'yar nan. Na ɗauki azumi.”

Haka jibi, haka gata. Ba Litinin, ba Alhamis, kullum azumi. Ba ya sa komai a bakinsa sai Kyari ya dawo, a lokacin ma loma kaɗan da kurɓin ruwa, sannan ya zaga da asuba kafin ɗansa ya fita. Ya tsara cikinsa ne a kan lokacin da namiji yake gida. Kyari kuwa har daɗi yake ji, yana gaya wa abokansa cewa Baba ya koma ga Allah gaba ɗaya. Na dube shi a raina na ce, kai da ka ɗauko shi a kafaɗarka, ba ka gani ba?

Abin da ban lura da shi ba shi ne ƙwayar sugarsa, ashe yana haɗiye ta da asuba ba tare da wani abin kirki a ciki ba. Wata la'asar na ji yana magana shi kaɗai da Barbarci, na leƙa na gan shi ya jiƙe sharkaf da gumi, hannunsa na karkarwa, yana kiran Ya Huseina ta kawo masa hula. Allah ya sa na tuna abin da wata nas ta gaya mana. Na dama suga a ruwa na durƙusa na ba shi, yana iya haɗiya, ya sha. Da hankalinsa ya dawo ya ga kofi a hannuna, abin da ya ce kawai shi ne, “Kin karya mini azumi.” A asibiti likita ya rage maganin, ya yi faɗa sosai, ya ce mai wannan ciwo da wannan rama ba shi ba azumi, yunwar za ta riga sugar kashe shi. Baba ya ce to. Muka dawo gida ya ci gaba da abinsa.

Ranar na gaya wa Kyari gaskiya. Kunya ta kama shi, don shi ma ba zai iya buɗe baki ya yi wa ubansa maganar banɗaki ba. Kyari mutum ne da in abu ya fi ƙarfin bakinsa sai ya tafi kasuwa. Ya dawo da kujerar marasa lafiya mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, ya ajiye a ɗakin Baba. Baba ya kalle ta, ya gane wa zai riƙa zubar da bokitin da rana. Da safe na tarar ya shimfiɗa mata tawul ya jera magungunansa da tocilan a kai.

A nan ne na yi fushi. Ba da Baba ba, da mu duka. Mutum yana narkewa a gabanmu, kowa ya san dalili, kowa ya ɗinke bakinsa. Na sa hijabina na ce wa Kyari zan je Sabon Gari gaishe da Baba Ike.

Baba Ikechukwu abokin Baba ne tun ba a haifi Kyari ba. Shi yake sayen bandar Baba yana aikawa kudu, har cinikin ya zama zumunci, suna da biki da makoki duk tare. Gidansa yana wani bene a Sabon Gari, ƙasa shagunan kayan gyaran mota, sama iyali. Shi ma yana da suga, kuma ya girmi Baba, amma na tarar da shi yana saukowa daga bene da ƙafarsa yana faɗa da wani mai janareto. Ba wurinsa na zo ba a gaskiya. 'Yarsa Chinenye likitar gashin ƙashi ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Na ja ta ɗaki na gaya mata komai, mace da mace, har da bokitin.

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta tambaye ni me yake ci, na lissafa. Ta kama haɓa.

“Maman Ummi, wannan ai ko saurayi kuka ba shi zai zube. Tsoho mai suga ba yunwa ake ba shi ba. Ki ga cinyar nan,” ta dafa tata, “ita ke ɗaga mutum daga tsuguno, kuma tsokar nan ita ke shanye sugar da ke jini. In ba a ba ta abinci ba, ba a ba ta aiki ba, tafiya take yi. Ga tsufa, ga suga, ga kwanciyar asibiti, ga ku kun hana shi ɗaukar ko buta.”

“To ta tafi ke nan? Mutumin ya kusa tamanin.”

“Tana dawowa. Ba duka ba, kuma ba da sauri ba, amma tana dawowa ko a tamanin. Sai dai ya ci, ya kuma ɗaga abu mai nauyi kaɗan-kaɗan. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, nono marar suga, nama in an samu. Tuwon ma a ba shi, madaidaici, miya ta fi yawa. Amma ki fara kawo mini takardun asibitinsa in ga lafiyar ƙodarsa da hawan jininsa, in yi magana da likitansa.”

“Ba zai yarda ki taɓa shi ba. Kuma in ya san ni na kawo maganar, na shiga uku.”

Ba mu san Baba Ike yana bakin ƙofa ba sai da ya yi gyaran murya. Ya ce bai ji komai ba, sai abin da ya shiga kunnensa da kansa.

“Mala mai taurin kai,” ya ce. “Ku bar ni da shi. Shekara nawa ina cin riba a kansa, ni na san inda ake kama shi.”

Ranar Asabar suka zo, uba da 'ya, da sunan gaisuwa. Ina bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida ina jin su. Bayan an gama tambayar iyali, Baba Ike ya fara kai ƙarar 'yarsa. Wai ta matsa masa da motsa jiki, kullum tashi zauna, tashi zauna, kamar ɗan firamare, kuma shi kaɗai ba ya iyawa, lalaci ke kama shi. Yana neman wanda zai riƙa zama yana sa masa ido.

“Kai dai ka zauna ka duba ni kawai, Mala. Na san kai ka gama, ba na ce ka yi ba. Barebari ai da wuri suke tsufa.”

“Wa ya gama?” in ji Baba. Rabon da in ji muryarsa ta tashi haka har na manta.

“To tashi daga bencin nan ba ka dafa ba, mu gani.”

Na ji benci ya yi ƙara, na ji nishi, na ji ya koma. Na ce a raina shi ke nan, an kunyata shi a gaban baƙi. Sai na ji muryar Chinenye, ta kwantar da ita kamar da babanta take. Ta ce, “Papa, kai ma haka ka fara. Nuna wa Alhaji yadda na ce ka ja ƙafafunka baya, ka sunkuyo da ƙirji, ka dafa gwiwa tukuna.” Duk abin da take so Baba ya yi, ubanta take gaya wa. Ta sa aka ɗora matashi a kan bencin don ya ƙara tsawo. Ta ce wa ubanta kada ya riƙe numfashi, kada ya yi da ƙafa ba takalmi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum ko akwai ciwon da bai ji ba, in ya ji jiri ko karkarwa ya tsaya ya ci dabino. Baba yana ji, yana yin kamar ba da shi ake ba. Kafin su tafi ya miƙe daga bencin da matashin, yana dafe da gwiwa, ya tsaya yana huci yana harar abokinsa.

Daga nan Baba Ike ya riƙa zuwa, yau ya zo gobe ya huta. Yana isowa da hantsi da wata jakar leda mai ɗauke da tsohuwar robar tayar keke da galan biyu da ya zuba wa yashi. Zauren da ya yi shiru tun rasuwar Ya Huseina ya koma filin gardama. Su ɗaura roba a ƙafar benci su ja da ƙafa, su kama ƙarfen taga su ɗaga dunduniya, su ɗaga galan, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya yi coge. Baba Ike ya ce Mala yana ɗaga galan kamar mai miƙa wa amarya turare. Baba ya ce mutumin da ya shekara arba'in bai iya bambance tarwaɗa da ragon ruwa ba sai an nuna masa, ba shi da bakin magana.

Amma azumin yana nan. A ranar farko Baba ya yi 'yan motsin ya jingina da bango, na leƙa na ga fuskarsa ta yi fari. Ni kuwa na riga na dafa faten wake da alayyafo, na dafa ƙwai, na tura tire ta ƙarƙashin labule. Baba ya ce wa baƙonsa bisimilla, shi yana azumi.

“To a mayar,” in ji Baba Ike.

“Kamar yaya a mayar? Abincin gidana ne.”

“Ni ban taɓa cin abinci a gidan da maigida ya naɗe hannu yana kallona ba. A garinmu wannan zagi ne, a garinku ma na san haka ne. Ga shi na sha magani da safe, in na faɗi a zaurenka sai ka yi wa 'ya'yana bayani.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kuma ni ba sauri nake ba. Ina nan har la'asar. Gidan ya yi mini zafi, mata sun yi yawa.”

Ban san abin da ya wuce tsakanin idanunsu ba, labule ya tare ni. Can dai na ji cokali ya taɓa kwano, sai na biyu. Tire ya dawo babu komai. Na zauna a bakin murhu na rasa me zan yi da hannuwana don daɗi. Bayan azahar na ji Baba ya ɗauki buta, Baba Ike ya bi bayansa yana surutun farashin taya, ya tsaya nesa kaɗan da ƙofar banɗakin. Ni kuwa na shige ɗaki. A ranakun da abokin ba ya zuwa, Baba yana komawa azuminsa, sai Baba Ike ya gane, ya mayar da zuwansa kullum ban da Lahadi, ranar da Kyari ke gida. Ranar motsa jiki su yi, ranar hutu su yi gardama kawai.

Ranar da na sa banda a miya ban manta ba. Baba ya ɗauki gutsure ya shinshina, ya juya shi, ya ɗaga murya yadda zan ji ba tare da ya kira ni ba. Ya ce duk wanda ya sayar da wannan kifin azzalumi ne, da ɗanyen ice aka banda shi, kuma ya kwana biyu a ƙasan kwali. Ya faɗi layin da za a je a kasuwa, da sunan wanda za a nema, a ce Mala ne ya aiko. Na je, aka ba ni na kirki, har da gyara. Ya cinye bai yaba ba, kuma a wurin Baba wannan shi ne yabon.

Abin bai tafi sumul ba. Akwai makon da gwiwarsa ta kumbura, Chinenye ta zo ta duba daga nesa ta ce a sassauta. Akwai ranar da ya jefar da robar ya ce shi ba yaro ba ne, a ƙyale shi ya mutu da mutuncinsa, Baba Ike ya ce to ya jira tukuna a ci abinci. Kyari ma sai da na yi da gaske. Ya dawo ya ga ubansa da galan a hannu, ya ruga zai karɓe, na tare shi a tsakar gida na ce in ya taɓa galan ɗin nan ni da shi ne. Ya kalle ni kamar bai san ni ba. Da aka je awo likita ya ce sugar ta daidaita fiye da lokacin acca da ganye, sai ya bar wa Baba galan ɗinsa.

A hankali aka cire matashi daga benci. Aka bar dafa gwiwa. Aka ƙara yashi a galan. Wata rana Baba Ike ya leƙo ya ce in ara musu kujerata 'yar tsuguno ta girki. Baba ya ce har abada ba zai zauna a kujerar mata ba. Bayan ɗan lokaci na ji yana nishi a kanta, abokinsa na riƙe da hannunsa ɗaya. Na san dalilin kujerar, su ma sun sani, daga ita sai ƙasa. Chinenye ta kuma sa ubanta ya koya masa yadda mutum zai tashi in ya tsinci kansa a ƙasa, ya juya ya durƙusa, ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa bango. Kyari ya kafa wani ƙarfe a bangon banɗaki ya ce na rataye tawul ne, ya kafa shi daidai ƙugu, inda ba mai rataye tawul.

Amma duk wannan da namiji a gida ake yi. Ko sau ɗaya Baba bai shiga banɗakin nan da rana ba sai abokinsa na tsaye a kusa. Ban san ko yana tashi da kansa ba ko miƙa masa hannu ake yi, kuma ba tambayar da zan iya yi ba ce.

Sai Kirsimeti ta matso. Kowa ya san yadda Sabon Gari take komawa a lokacin, shaguna a rufe, manyan motoci cike suna yin kudu. Baba Ike zai tafi garinsu da iyalinsa duka, kuma akwai bikin binne yayansa da aka ɗage, ba zai dawo ba sai bayan sabuwar shekara da nisa. Ya zo sallama ya bar robar da galan ɗin a zaure. Da zai fita na bi shi har ƙofar gida na durƙusa na yi masa godiya, na tambaye shi a hankali ko Baba zai iya.

“Ƙafar ta kusa,” ya ce. “Zuciyar ce ban sani ba. Ya taɓa zama a ƙasan nan yana jin motsinki a waje, wannan bai fita daga kansa ba. Ba faɗuwar yake tsoro ba, 'yata. Kunnenki yake tsoro.”

Kyari ya ce zai rufe shago ya zauna a gida. Na ce har yaushe? Lokacin ciniki ne, kuma in ya zauna mun gaya wa Baba ke nan cewa ba mu yarda da ƙafarsa ba. Ya fita yana waiwaye.

Da safen na dama kunun gyaɗa ba suga, na dafa ƙwai, na ɗora ƙosai kaɗan. Na yi sallama a ƙofar Baba na ajiye tire, ina jiran in ji an ce in mayar. Bai ce komai ba. Na koma na kama shara, na share inda na riga na share. Da na dawo ɗaukar kwanuka, ya cinye, har ruwan da na ajiye ya sha rabi. Daga baya na ji shi a zaure shi kaɗai, benci na ƙara, yana tashi yana zama, ba mai yi masa tsiya. Da rana na kai tuwo kaɗan da miyar kuka da kifi, ya ci.

Bayan azahar na ji ƙarar buta. Ina tsakar gida ina kwashe shanya, ya fito ya wuce ta bayana a hankali, ni na ba shi baya kamar ban san da shi ba. Ƙofar langa-langa ta rufe.

Har zan shige ɗaki kamar yadda na saba. Amma in na shige, wa zai ji in ya faɗi? In kuma na tsaya, gidan shiru ne, yara ba sa nan, ko numfashinsa zan ji, kuma ya san zan ji. Na duba wayata, lambar Kyari na sama. Na riga na yanke wa kaina hukunci cewa in na ji faɗuwa ba zan jira adaidaita ba, zan shiga, in ya so kada ya ƙara kallona har ya koma ga Allah.

Lokaci ya ja. Sai na ji yunƙuri na farko, da nishin nan da na sani, da komawa.

Ban san lokacin da na jawo turmi daga jikin bango ba. Na ɗauki taɓarya na fara daka da iyakar ƙarfina, yadda duk unguwa za ta ji, yadda wanda ke cikin banɗaki zai tabbata cewa matar da ke wannan aiki ba ta jin komai a duniya. Amma duk lokacin da taɓarya ta tashi sama, kunnena yana ƙofar nan. Na ji ƙarfen bango ya yi ƙara. Na ji ya ambaci Allah. Na ƙara ƙarfin dakan, kafaɗuna na zafi, gumi na shiga idona, ina roƙon Allah ya dubi tsohon nan, ya dubi duk waken da ya ci da duk yashin da ya ɗaga.

Ƙofar ta buɗe.

Ban daina ba. Ta gefen ido na gan shi ya fito, buta a hannu, gwiwar wandonsa ɗaya a jiƙe, ƙirjinsa na hawa da sauka. Yana tsaye a kan ƙafafunsa. Ya tako a hankali, maimakon ya wuce ɗakinsa sai ya tsaya a gefen turmin. Dole na sassauta. Ya leƙa ciki. Ni ma na leƙa, kamar ban san abin da zan gani ba. Ko ƙwayar gero babu, sai ɗan garin icen da taɓarya ta kankaro.

Ya daɗe yana kallon cikin turmin.

“Ya daku haka, 'yata,” ya ce. “Ajiye taɓaryar.”

Na ajiye. Ya wuce ɗakinsa ya saki labule. Ni kuwa na zauna a ƙasa na jingina da turmin, na cusa bakin mayafi a bakina don kada kukan ya fita. Sai na ji ya kunna rediyo, ya ƙure murya.